Shekarar da Amyar Baba Ta Rasa Sarauniya

Ƙudan zuma sun shigo gidanmu na Mahuta ba tare da kowa ya gayyace su ba. Wata Lahadi ce, mun dawo daga coci, mangwaro na cikin fure, muka tarar da mutanen layinmu sun yi cirko-cirko daga nesa suna nuna gwaibar da ke ƙofar gidanmu. A wani reshe na ƙasa wani abu baƙi yana reto, ya kai girman tulu, yana motsi kamar mai numfashi. Ƙudaje ne suka rirriƙe juna, wani kan wani. Maƙwabcinmu mai gyaran janareta har ya ɗauko fetur a gora da ashana.

Babana ya ce masa, "Don Allah ajiye. Matafiya ne, hutawa suke yi. Ba faɗa ya kawo su ba."

A lokacin Baba ya daɗe ba ya aiki. Ƙarfinsa duk a masaƙa ya ƙare, a Kakuri, yana tsaye gaban inji, har ranar da aka rufe ƙofa aka ce kowa ya koma gida. Daga nan ya zama mutumin kujera da rediyo. Mama ce ke riƙe da gida da ɗan shagonta, ni kuma ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a Unguwar Mu'azu, ina wuni leƙen jini da majina a na'urar ƙara girma. Ban taɓa jin Baba ya yi maganar zuma ba. Ashe yana yaro a ƙauyenmu, can kudancin jiha, ya sha bin kawunsa rataya amya a kan ɗorawa.

Ya shiga shagon Mama ya ɗauko kwalin taliya, ya tara a ƙarƙashin reshen, ya buga reshen da hannu. Dunƙulen ya faɗo ciki tim, kamar an yar da jiƙaƙƙen zane. Mutane suka watse da ihu. Ni dai na tsaya kusa da Baba. Waɗanda suka tashi sama suka yi ta zagaya kanmu, sai na ga waɗansu sun jeru a bakin kwalin, sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fukafukai. Kafin wani lokaci na sama suka fara sauka, na ƙasa suka juya, kowa ya nufi kwalin a tafe, kamar masu shiga sujada an buga ƙararrawa.

Baba ya ce, "Uwar, sarauniyarsu, tana ciki. Shi ke nan."

Wani kafinta ɗan cocinmu ya yi masa doguwar akwati, aka jera sanduna a samanta maimakon murfi, yadda kowace sanda za ta riƙe saƙarta. Muka kai ta 'yar gonar Baba da ke bayan Gonin Gora, can nesa da titi, aka ɗora ta kan ƙarfe a gindin wata ɗorawa. Shekara ta zagayo ya ajiye akwati ta biyu a gefe, ya shafa mata kakin zuma, wata runduna ta zo da kanta ta shige. Mama, wadda ko sunan gonar ba ta son ji saboda tsoron harbi, ita ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka mana shi a jikin malafa, ta kuma ba mu gwangwanin madara da muke cusa wa totuwar masara mu yi hayaƙi.

Asabar ta zama ranarmu. Mukan fita da sassafe, mu sauka a Gonin Gora inda masu burodi da doya ke bin motocin Abuja da gudu, mu bi ta bayan gidaje mu yanki daji.

Ranar da na fara ɗaga sanda da hannuna, ɗumi ne ya fara bugun fuskata, sannan ƙamshi, sannan wata ƙara mai kauri da na ji ta a ƙirji fiye da a kunne. Saƙar ta fito da nauyi, ƙudaje sun lulluɓe ta gaba da baya. Na juya ta wajen rana. A ƙasan kowane rami akwai ƙwai guda, fari, siriri, a tsaye kamar an dasa shi. Gaba kaɗan tsutsotsi ne a naɗe, wasu ƙudajen na tura kai suna ba su abinci. A bakin ƙofa akwai masu gadi suna shinshinar duk mai shigowa. Wasu na fifita, wasu na shigowa da garin fure rawaya a ƙafafu, wata na jan gawar 'yar'uwarta zuwa waje. Na yi ta neman wanda ke ba da umarni ban gani ba. Sana'ata ce kallon ƙananan abubuwa, amma ban taɓa ganin gari sukutum yana tafiyar da kansa a cikin akwatin da ba ta kai gadon yaro ba.

A shekara ta uku, cikin zafin bazara, amya ta farko ta lalace. Baba ne ya fara lura. Muna isowa ya tsaya ya karkata kai.

Ya ce, "Uwata, saurari wannan, ki saurari waccan." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na saurara. Ta biyu tana yin ƙararta a daidai, kamar inji mai lafiya. Ta farko kuwa ƙararta na hawa tana sauka, kamar gidan makoki. Da muka buɗe sai muka ga abin da ya ɗaure mana kai. Ƙwai na nan, har ya yi yawa, amma a watse: rami ɗaya a ga uku ko huɗu, wasu manne a jikin bango, wasu ma a kan garin fure. Ramukan da aka rufe, maimakon su kwanta sumul, sun yi tudu-tudu kamar ƙuraje. Ga maza ko'ina, masu manyan idanu, suna yawo a kan saƙa ba aikin fari ba na baƙi. Zumar da ke sama ta ragu sosai.

Baba ya ce ko uwar ce ta tsufa ta rikice. Ni na ce ko uwa biyu ce ke gasa. Ba wanda ya gamsu da maganarsa. Na ɗauki hoto da waya.

Akwai wani dattijon cocinmu, mutumin Filato, ya yi ritaya daga ma'aikatar gona, kuma an taɓa tura shi kwas a kan kiwon zuma. Bayan sujada na nuna masa hoton. Ya cire tabarau, ya kawo wayar dab da ido, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "'Yata, ba ku da sarauniya. Ku jira ni Asabar."

Ya zo da takalmin roba da tsohuwar rigar aikinsa. Ya bi saƙar ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, sannan muka koma inuwa nesa da amyoyin muka cire malafa.

Ya ce mai yiwuwa tsohuwar sarauniyar ta tashi da rabin gida, kamar yadda suke yi idan sun cika, ta bar budurwa a bayanta. Budurwar ta fita neman maza a sama, tsuntsu ya cafke ta ko iska ta ɓatar da ita. Kafin gida ya farga babu sauran ƙwai ko ƙaramar tsutsar da za a rena ta zama wata.

Baba ya ce, "To wa ke yin wannan ƙwan?"

"Ma'aikatan. Ai dukkansu mata ne. Muddin ƙamshin uwa da na jarirai na cikin gida, cikinsu a rufe yake. Idan ƙamshin ya ɗauke sai cikin wasu ya buɗe. Amma ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, don haka duk abin da suka haifa namiji ne. Namiji kuwa ba ya ɗebo ruwa, ba ya ɗebo fure, ba ya gadi. Ko harbi ba shi da shi."

Na tambaye shi ko sai uwa ta mutu suke yin haka.

Dattijo ya yi dariya. Ya nuna amya ta biyu da sandarsa. "Ko a waccan mai lafiya, yanzu haka da muke zaune, ba za a rasa wata da ta faki ido ta saka nata ƙwan ba. Ta bar 'yan'uwanta su yi mata reno, ita ta samu ɗa. Sai dai ba ya kwana. Wata za ta zo ta tura kai cikin ramin, ta shinshina, ta gane ba na uwa ba ne, ta cinye shi nan take."

"Ta yaya take ganewa?"

"An ce ƙwan uwa na da nasa ƙamshin. Iyakar abin da aka koya mana ke nan, kuma su malaman ma sun ce ba su gama gano shi ba."

Baba ya ce, "Wa ya naɗa masu binciken?"

"Babu. Wadda ta cinye na wata yau, gobe ita ma tana iya gwada sa'arta, wata ta cinye nata. A taku amyar kuwa an daina cinyewa, shi ya sa kuka ga abin a fili."

Na waiwaya na kalli akwatin nan mai lafiya. Rana na dukan katakonta, ƙudaje na shiga suna fita lami lafiya. A cikin duhunta ana aikata laifi, ana kama shi, ana yanke hukunci, ba alƙali ba ihu, kuma haka ake yi tun kafin a san za a yi gari a wurin nan.

Dattijo ya kira masu ƙwan maha'inta. Baba ya girgiza kai.

Ya ce, "Wadda ta yi da uwa a raye, na yarda ha'inci ne. Amma waɗannan fa? Gida ya mutu, kuma sun sani. Ƙoƙari suke su bar wani abu a baya. Idan ɗa ɗaya ya fita ya samu sarauniyar wani gida, ai jininsu bai ɓace ba."

"Haka ne. Amma ka duba rumbunsu. Mai ƙwai a ciki ba ta cika fita aiki ba. Tsofaffin da suka rage su ke ɗauke da kowa, kuma kullum raguwa suke."

Baba ya tsinke wata ciyawa yana murzawa. Na san ya ga irin wannan a watannin ƙarshe na masaƙa, amma bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A cikin bas muna komawa na tuna wani abu da aka koya mana a makarantar aikin gwaji. Ƙwayoyin cutar da ke manne wa robar fitsari ba ɗai-ɗai suke zaune ba. Taruwa suke yi, kowace ta fitar da ɗan yauƙi, su gina wa kansu rufin da magani ke wahalar ratsawa. A cikinsu kuma akan samu waɗanda ba sa fitar da komai, sai dai su fake a na wasu, su yi ta haihuwa da ƙarfin da suka adana. Idan irinsu suka yi yawa rufin ya yi rauni. Na rubuta wannan a jarrabawa na wuce, ban sake tunawa da shi ba. Ranar nan ne na ji nauyinsa. Abin da ba shi da ido ba shi da kai, shi ma yana da aikin gayya, yana da masu zamewa.

Maganin da Dattijo ya ba mu mai sauƙin faɗa ne. A ɗauko saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi daga amya mai lafiya, a kakkaɓe ƙudajenta, a saka a tsakiyar marar lafiya. Ya ce ƙamshin jarirai zai riƙa rufe cikin masu ƙwan a hankali, idan Allah ya sa suka dawo hayyacinsu za su zaɓi tsutsa su yi sarauniya. Ya ce kada mu sa rai da yawa, sau da dama ba ya ci.

Muka saka. Asabar ta gaba muka tarar sun ciyar da jariran sun rufe su kamar kowane jariri, ba alamar komai. Ga kuma sabuwar masifa. A bakin ƙofa ana kokawa, ƙudaje bibbiyu suna birgima a ƙasa suna neman harbin juna. Wasu baƙaƙe masu sheƙi, gashin jikinsu duk ya goge, suna shawagi ta gefe suna neman kafa. Muka bi su da ido, sai ga su suna shiga amya ta biyu da ciki cike. Maƙwabtan da muke roƙa wa jarirai su ne ke yashe rumbun marayun. Baba ya kwaɓa laka ya toshe ƙofar, ya bar ramin da yatsa ɗaya zai shiga, yadda 'yan gadin da suka rage za su iya tsare shi.

Muka sake saka wata saƙar, muka kuma sakewa. Mama ta ce za mu ƙarar da mai rai a kan matacciya. Ni ma a raina na fara ganin haka. Baba ya ce a ba shi dama ta ƙarshe.

Ruwan farko ya sauka a makon nan. Da muka je ƙasa na ƙamshi, ɗorawa ta wanku. Baba ya ɗaga saƙar da muka saka, ya tsaya cak, ya ce in zo. A fuskarta wasu abubuwa ne ke reto, dogaye, masu kama da kwanson gyaɗa, bakinsu na kallon ƙasa. Ɗaya ba a gama rufe shi ba. Na leƙa na ga tsutsa kwance cikin wani farin abinci kamar kindirmo, ƙudaje na layi suna ƙara mata. Tsutsa ce irin kowace, da an bar ta da ma'aikaciya za ta zama. Su ne suka zauna, ta hanyar da ban sani ba, suka ce ke ce sarauniya. Ƙwan barkatai kuma ya ragu ƙwarai.

Baba ya mayar da sandar a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ya ce, "Mun gode maka, Ubangiji."

Dattijo ya hana mu buɗewa. Ya ce ko leƙe kada mu yi sai ya ba da izini. Amma Asabar ɗin da ta biyo baya ya ce in sa malafa in manna kunne a jikin akwatin. Da farko ƙarar gida kawai na ji. Can sai wani siririn sauti ya ratso, dogo, sannan gajeru a jere, kamar yaro na busa kara. Aka yi shiru, sai wani ya amsa daga can ciki, a daƙushe, kamar daga cikin tulu.

Na ɗago na ce, "Mene ne wannan?"

Dattijo ya ce, "Sarauniyar da ta riga fita ce ke shela. Wadda ke amsawa tana cikin kwansonta tukuna. Ɗaya ce za ta rage."

Na mayar da kunnena. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba, sai da Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in matsa shi ma ya ji.

Makonnin jiran nan Baba bai iya zaman gida ba. Kusan kullum sai ya tafi gonar shi kaɗai, ya zauna kan dutse yana kallon ƙofar amya. Ya dawo ya ce yau sun yi sanyi, gobe ya ce ya ga suna shiga da garin fure. Mama ta riƙa zuba masa kunu a gora tana mita, amma ita ke fara tambayarsa labari in ya shigo.

Da Dattijo ya ce a buɗe, mu uku muka je. Saƙar tsakiya ta fito da ƙwai guda a kowane rami, a tsaye, a ƙasa, an jera su zagaye kamar shuka. Kwanson gyaɗar nan ɗaya a buɗe yake ta baki, sauran an farke su ta gefe. Muna cikin kallo Dattijo ya nuna da ƙaramin yatsa. Ga ta nan. Doguwa ce, ja-ja, fukafukanta ba su rufe rabin jikinta ba. Tana tafiya ba gaggawa, duk inda ta nufa a buɗe mata hanya, waɗanda ke kusa su juyo su fuskance ta suna taɓa ta. Ta tura kai cikin wani rami, ta fito, ta juya ta zura gindi, ta wuce na gaba. Ba ta san muna wurin ba. Daga baya na sha nemanta ban sake ganinta ba.

Amyar ta farfaɗo kafin damina ta yi nisa. Muka cire lakar bakin ƙofa, ɓarayin ma suka daina zuwa.

Cikin marka, lokacin da fure ya yi ƙaranci kuma ruwa ke hana fita, muka je muka tarar da wani aikin a bakin ƙofa. Ma'aikata ne ke fitar da maza. Biyu su kama namiji ɗaya, wata ta riƙe fiffike wata ta riƙe ƙafa, su ja shi su jefo ƙasa. Ya rarrafo zai koma, masu gadi su tare. Da yawansu ƙanana ne, irin waɗanda aka rena a ramin ma'aikata, wato 'ya'yan lokacin maraici. Baba ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannu. Yana ta motsa manyan idanunsa, bai iya ko ciyar da kansa ba. Baba ya dube shi ya dube shi, sannan ya ajiye shi a kan ganye.

A ƙarƙashin ƙarfen kuwa tururuwa sun riga sun samu labari. Sun yi layi daga cikin ciyawa, masu zuwa a gefe masu komawa a gefe, suna ɗauke waɗanda suka mutu. Gawa ɗaya ta fi ƙarfin tururuwa goma, amma sai su kewaye ta, a ja nan a ja can, can sai ka ga ta miƙe hanya ɗaya. Wata gawar ta maƙale a tsakanin tsakuwa biyu. Suka yi ta fama, wasu suka saki suka zagaya ta baya, aka juya ta a tsaye, ta wuce.

Baba ya ce, "Zo mu ga gidansu."

Muka bi layin a sunkuye, ni da shi, ta cikin kunyoyin masara, muna ɗaga ganye da hannu. Layin ya ratsa ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen icce, ya fita gonar maƙwabci, ya ci gaba. Ba mu kai ƙarshensa ba hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa masara. Muka tattara gwangwani da malafa muka nufi titi da sauri, Baba a gaba yana cewa in ɗaga ƙafa, ruwan ya kama mu tun kafin mu iso rumfar masu doya.